Yadda Fijo Ta Cinye Wainar Suna

Akwai masu son mota, akwai kuma mu masu ciwonta. Mai son mota tara kuɗi yake yi ya sayi tasa, ya wanke ta ranar Asabar, ya rataya mata carbi a madubi, shi ke nan hankalinsa ya kwanta. Mai ciwon mota kuwa ko keke ba shi da shi, duk motar da ta gifta ta gabansa yana da magana a kanta. Mu ne muke tafiya a titi wuya a karkace. Mu ne ake tsakiyar hira da mu sai mu yi tsit saboda wani inji ya yi gurnani a bayan katanga, kuma ba za mu dawo ba sai mun tabbatar silinda 4 ne ko 6. A wurin ɗaurin aure jama'a na rububin inuwa da dabino, mu muna can inda aka ajiye motoci, hannu a goye a baya, muna leƙe ta gilashi. An shafa fatihar wani aminina ina tsugune ina duba salansar wata tsohuwar Marsandi.

Kano kuwa ba ta tausaya wa mai irin wannan lalura. Ka fito sayen burodi, sai ga Golf an cire mata kujerar baya an danƙara mata buhunan albasa har but ya ƙi rufuwa, an ɗaure shi da igiyar roba, tana tafe hanci a sama. Ka matsa gaba, ga Sharon ta ɗebo mutum biyu a kujerar gaba ban da direba, na bayan kuwa sai wanda ya ƙirga ƙafafu. Ga gingimari mai bodin katako da zanen zaki da dawisu. Ga Lexus da mai ita ya ƙi cire ledar kujeru don kada a ce 'yar Kwatano ce. In ka ga jarka a kan rufin mota, ta sayarwa ce, dole ka tsaya ka zagaya ta ko da ba ka da ko sisi. In ka ga an jera ganye a kan kwalta, akwai wadda ta mutu a gaba, dole ka je ka ji abin da ya kashe ta, ka kuma ba da shawarar da ba wanda ya nema.

Ni ma ina da mota, kada a raina ni. Honda ce, irin wadda ake kira Hala, tana ƙarƙashin darbejiya a garejin bakanikena tun kafin a cire tallafin mai a 2023. Kullum na je sai ya ce saura abu ɗaya. Kazar maigadin garejin ta yi ƙyanƙyasa a bayan kujerar direba, 'ya'yan ma sun girma an yanka su. Saboda haka a adaidaita sahu nake yawancin kallona, kuma in don kallon mota ne babu abin hawan da ya kai ta: ba ƙofa, ba gilashi, ga shi tana kutsawa har gindin tayar kowa.

Ƙanwar matata ce ta haihu, haihuwar fari, tana wanka a gidan surukaina a Rijiyar Zaki. Ranar suna aka rarraba aiki, nawa mai sauƙi ne: in je Gyaɗi-Gyaɗi wurin mai waina in karɓo kula biyu da bokitin miyar taushe, in kai kafin azahar, lokacin da mata za su fara cika gida. Na ci sabuwar shaddata shuɗiya, na karya hula, zan fita uwargida ta biyo ni har zaure.

"Malam, don girman Allah, ban da kalle-kalle. Ka karɓa, ka hau, ka sauka."

Na ce mata ai ni ba yaro ba ne.

Na karɓi kaya lafiya, na ɗauki shatar adaidaita, wani matashi ne da bai fi shekara 20 ba, yana da abin jin waƙa a kunne ɗaya. Muka bi titin gidan Zoo muka faɗa titin tsohuwar jami'a. Na ga wata Volvo, na kau da kai. Na ga Bitil ja a gaban wani shagon fenti, na yi ta'awizi na kalli bokitin miya. Allah shaida ne na yi ƙoƙari.

Muna wuce Ƙofar Na'isa sai ga ta a gabanmu. Fijo 504, salun, kalar madara. Ba irin waɗanda suka gama aikin tasha aka mai da su ɗaukar itace ba. Bambarta ta ƙarfe tana ɗaukar ido, kwanukan taya huɗu duk suna nan, but ɗin nan mai karyewa ya gangara ƙasa ko ƙwarzane babu. Hayaƙin salansarta ko gani ba a yi. A gilashin baya an jingine tsohuwar lambarta mai farawa da KN, irin ta kafin a sauya lambobi. Tana tafe a tsakiyar hayaniyar Kano kamar amaryar da ake rakawa ɗakinta, ba ta kallon kowa.

Na dafa kafaɗar yaron. "Matsa kusa da waccan."

"Wacce, Yallaɓai? Jif ɗin?"

"Farar. Fijon."

Ya dube ta, ya dube ni ta madubi. "Wannan tsohuwar?"

Ban ga laifinsa ba. Sa'ad da aka daina harhaɗa ta a Kaduna, a tsakiyar shekarun 2000, ƙila ko rarrafe bai fara ba. Bai san zamanin da ita ce motar gwamnati ba, bayan gwamnatin Obasanjo ta soja ta ce a rage facaka, daga sakataren dindindin har kwamishina kowa ita yake hawa. Bai san zamanin da in ka je tasha za ka Jos ko Maiduguri, wagon ɗinta mai layin kujeru uku za ka shiga ba, mai lafiya ya zauna tsakiya, mai tsautsayi a tura shi can baya gwiwa a haɓa. Na fara yi masa wannan bayanin, sai ya mai da ɗayan abin jin waƙar kunnensa.

A Gadon Ƙaya hanyarmu miƙewa ce zuwa Kabuga. Fijo ta kunna sigina, sigina mai aiki, ta karya hagu ta nufi wajen Sharaɗa. Ni dai gabanta kawai nake so in gani, fitilun nan nata masu kusurwa da zakin da ke hancinta. Minti biyu. Na ce masa ya bi ta.

Ya zare abin kunnen gaba ɗaya. "Yallaɓai, bashi kake bin sa?"

"A'a."

"Iyalinka ce a ciki?"

"Kai, tsoho ne shi kaɗai, ba ka gani?"

"To ɗan sandan ciki ne kai?"

Na ce zan ƙara masa naira 1,000. Ya ce in dai aikin hukuma ne shi ba ruwansa, amma a mai da ita 1,500.

Muka bi ta. Matsalar ita ce duk sa'ad da muka zo wuce ta sai wata tifa ko mai kura ya tare mu, saboda haka na haƙura da bayan, na fito da waya ina ɗauka. Fijo ta rage gudu, muka rage. Ta shiga gidan mai, na ce Alhamdu lillahi, yanzu zan sauka mu gaisa. Ba ta tsaya a kan famfo ba, ta zagaya ta fice ta ɗaya ƙofar. Muka zagaya muka fice. Ta shiga wani layi, ta ɓulla wani, ta dawo layin farko. Na ce wa yaron ka ga yadda take shan kwana, sitiyarin nan ba na wasa ba ne. Yaron ya ce shi dai ya hango tsohon yana waya. Na ce ai dattijai akwai su da zumunci.

Daga nan ta kutsa wani lungu da ba ya ɓullewa, ta tsaya a ƙofar wani gida mai dakali. Muna shiga na ji ƙarar benci a bayanmu. Na waiwaya, an gindaya shi a bakin lungun, ga matasa sun fi goma, wasu da gora, ɗaya da rigar 'yan sintiri da usur a wuya.

"Ku sauko. A hankali."

Kafin in buɗe baki yaron adaidaita ya riga ya ɗaga hannu sama. "Wallahi tallahi ban san shi ba! Shata ya ɗauke ni! Na tambaye shi ko bashi ne ya ce a'a!"

Ba na jin haushin mutanen unguwar. A wannan zamani na garkuwa da mutane da ƙwacen waya, dattijo ya kira ya ce wasu na bin sa tun daga Gadon Ƙaya suna ɗaukar hotonsa, ko ni ne da gora zan fito. Na yi sallama, na faɗi sunana da unguwarmu da wurin aikina, na ce motar ce ta ba ni sha'awa. Aka yi dariya irin wadda ba ta daɗi.

"Mene ne a cikin kulolin nan?"

"Waina ce. Ta suna."

Mai usur ya sa aka sauke su aka ɗora a kan dakali. Ya sa kowa ya ja baya, ya buɗe murfin da bakin gorarsa. Tururi ya tashi, ƙamshi ya cika lungu. Ya ce ba a nan take ba, ana iya ɓoye abu a ƙasa. Ya wanke hannu, ya ɗaga layin sama, ya ɗaga na biyu, ya ce tun da an taɓa waɗannan ba za a mai da su ba. Ya buɗe bokitin miya don shi ma a tabbatar.

Wani kuma ya karɓi wayata ya ce in buɗe masa hotuna. A nan ne na ji ƙafata ta fara sanyi. Wayar mai ciwon mota ba ta da hoton iyali sai ɗai-ɗai. Abin da ke ciki bayan motocin mutane ne, ɗaruruwa, kowace da lambarta ɓaro-ɓaro: a ƙofar banki, a ƙofar masallaci, a ƙofar gidajen da ban san masu su ba, wasu ma da daddare.

"Waɗannan motocin na wa ne?"

"Na mutane."

"Ka san su?"

"A'a."

"Su sun san ka ɗauka?"

Na yi shiru. Wani ya ce a kira mai unguwa, wani ya ce mai unguwar me, a wuce da su ofis kawai. Yaron adaidaita ya fara kiran sunan mahaifiyarsa.

Duk wannan abin mai Fijon bai ce uffan ba. Ya fito, ya kulle ƙofarta da makulli, ya zaro tsumma ya goge inda hannunsa ya taɓa. Dogo ne, farin gemu, da tabarau mai kauri da zanna bukar da ta sha wanki. Ya karɓi wayar, ya yi ta turawa da yatsa, sai ya tsaya a kan wani hoto ya kai ta kusa da idonsa.

"Wannan 404 fikof ɗin a ina ka gan ta?"

"A Dawanau, Baba. Gero take ɗauka."

"Hmm." Ya miƙo mini wayar. "Ku dakata. In gaskiya yake faɗa yanzu za mu gani. Kai, wace shekara aka fara yin motar nan?"

"1968, Baba, a Faransa. Shekarar da ta biyo baya aka zaɓe ta gwarzuwar motar Turai."

"Ban tambaye ka wannan ba. A nan ƙasar fa?"

"Kaduna, Kakuri. An fara harhaɗawa a 1975, zamanin Gowon."

"Injinta?"

"In babban ne, 1971."

Mai usur, baki cike da waina, ya ce, "Ƙarya yake! Yanzu ya ce 1968!"

Baba ya ɗaga masa hannu. "Girman inji yake nufi, ci abincinka. Wace taya ce ke ja?"

"Ta baya."

"A ina ta yi suna a tsere?"

"A Kenya, Baba, tseren Safari na 1975. Wani ɗan Suwidin ne ya tuƙa ta, Ove Andersson, ya zo na ɗaya."

Lungun ya yi tsit. Baba ya matso har ina jin ƙamshin goron bakinsa, ya rage murya.

"To faɗa mini tsakaninka da Allah. Ita da 505, wacce ta fi?"

Na ce, "Haba Baba. Ai 505 kwalliya ce."

Ya juya ya kalli jama'a. "Ku sake shi. Ba ɓarawo ba ne, mara lafiya ne. Irin ciwona ne da shi."

Aka janye benci. Yaron adaidaita ya karɓi kuɗinsa har da na tsorata da ya ce sai an biya shi, ya fice ko juyowa bai yi ba. Na duba agogo, da sauran lokaci, in na samu wata adaidaitar zan isa ana kiran salla. Na durƙusa zan yi wa Baba sallama sai ya kama hannuna.

"Ina za ka? Ai ba ka ga gabanta ba."

Tsarewar 'yan sintiri tana da ƙarshe, ta mai tsohuwar mota da ya samu mai sauraro ba ta da shi. Ya ɗaga banet. Wanda ya saba da motocin yanzu da aka lulluɓe injinsu da roba ba zai gane abin da na gani ba. Inji ne a kishingiɗe gefe guda, yadda Fijo ke kwantar da shi, ga kafireta a fili, ga wayoyin fulogi huɗu kowace da hanyarta, ga lagireto, ga fanbel, kuma ta tsakaninsu kana hango ƙasa. Duk abin da ya lalace hannunka zai kai gare shi. Ya tashe ta, ya ɗauko dogon sukundireba ya ɗora bakinsa a kan injin, ya ce in sa kunne a ƙotar. Na sa. Tik-tik-tik, daidai wa daida, babu wanda ya riga wani.

Ya aika aka ɗauko masa fayil daga cikin gida. Rasiɗin saye ne da littafin sabis da takardar bashin mota da ma'aikatarsu ta ba shi zamanin Shagari. Ya ce kuɗin da ya saye ta sabuwa dal, yau ko rabin tankinta ba zai cika ba. Ya ce bakanike ɗaya ne ke taɓa ta tun tana sabuwa, yanzu idonsa ya yi rauni, da kunne yake gyara, jikansa ke riƙe masa sifana. Ya ce a ƙarƙashin gadonsa akwai kayan gyaran da ya tara daga Ƙofar Ruwa da Fantekar Kaduna da za su ishe ta bayan ransa, kuma ya rubuta a wasiyya. Sannan ya faɗa mini abin da ya fi alfahari da shi: a shekarun farko, ta jirgin sama ake kwaso sassan motocin daga birnin Liyon a sauke su a filin jirgin Kano, sannan a loda a manyan motoci zuwa Kaduna. "Saboda haka," in ji shi, yana shafa rufinta, "duk wanda ya ce maka 'yar Kaduna ce, ka ce masa a Kano ta fara sauka."

Wayata ta yi ƙara. Uwargida ce.

"Malam, kana ina?"

"Ina hanya."

Ban yi ƙarya ba, lungu ma hanya ce. Na waiwaya dakali, na ga bincike ya yi nisa. Mai unguwa ya iso, an ba shi labari, shi ma ya ce ba zai yanke hukunci a kan abin da bai gani da idonsa ba. An kawo faranti daga cikin gida. Kula ta farko ana kankare gindinta.

Na ce Baba ni fa zan gudu. Ya ce ba a yi haka ba, baƙon da ya san Ove Andersson ba zai hau adaidaita daga ƙofar gidansa ba, shi zai kai ni har Rijiyar Zaki. Duk mai hankali zai ce a'a. Ni kuwa ji na yi an ce in shiga 504.

Shigarta da sharuɗɗa. Sai na kakkaɓe takalmi. Ƙofa ba a buga ta, turawa ake yi har ta ce ƙyas. Kuloli za su iya shiga but a kan buhu, amma miya ba za ta zauna a but ba, ba za ta zauna a kujera ba, ba za ta zauna a ƙasa ba. A cinyata za ta zauna, in rungume ta. Na zauna, kujerar ta karɓe ni har sai da na lumshe ido. Duk ramin da muka faɗa ji nake yi kawai an ambace shi.

Sai dai Baba gudunsa ba ya wuce 30. Ya ce mota ba gudu ke kashe ta ba, gaggawa ce. Mai keke ɗauke da katifa ya wuce mu. Kuma duk inda muka bi sai an ɗaga mana hannu: masu faci, masu wankin mota, tsofaffin direbobi da ke zaune a bakin shaguna. Wanda duk ya ɗaga, Baba sai ya taka birki a gaisa, a tambayi iyali, a tambayi lafiyar mota. A wata danja wani matashi a baƙar Marsandi ya sauke gilashi.

"Baba, nawa za ka sayar mini?"

"Ɗana, gaishe ta za ka fara yi. Ta girme ka."

Muka ji kiran azahar muna hanya, Baba ya faka a inuwa muka yi salla, ya zaɓi sahun da zai riƙa hango ta ta taga. Muka tashi. Muna dab da Kabuga ta yi tari sau biyu, ta yi shiru, ta gangara gefen titi ta tsaya.

Na ce, "Baba, fulogi ne? Ko kafireta ta toshe?"

Ya dube ni da ɓacin rai. "Motar nan ba ta lalacewa. Mai ne ya ƙare."

Na nuna masa allurar mai, tana kan rabi. Ya ce tana kan rabi tun zamanin Abacha, shi da lissafi yake aiki. Kullum zai fita yakan zuba daidai inda za shi da dawowa. "Na yau na zuwa asibiti ne a duba mini ido, in dawo gida. Zagayen da ka sa ni yi a Sharaɗa da wannan rakiyar ba sa cikin lissafi."

Ya ce a nan ba wurin tsayawa ba ne, 'yan adaidaita za su goge mata jiki, sai an tura ta gaba inda akwai fili. Shi zai riƙe sitiyari. Na ajiye bokitin miya a bakin kwalta, ya ce a'a, za a sace, kuma ba za a bar shi a cikin mota ba mai riƙe shi ba. Haka na rataya bokitin a gwiwar hannu, na tattare shadda, na dafa but. Ya leƙo ta taga.

"Ba a nan ba! Za ka lotsa shi! Dafa ta gefe, wajen fitila!"

504 ƙarfe ce ta gaske, wannan na sha faɗa wa mutane a majalisa, ranar kuwa ƙashin bayana ya shaida. Ina turawa, bokiti na lilo, murfin na ɗagawa, miyar taushe na bin shadda tana gangarawa har cikin takalmi. Rana ta take. Sai ga wani bawan Allah ya faka babur ɗinsa, ya taho da sauri. Na ce Allah ya kawo mataimaki. Ya zaro waya.

"Ikon Allah! 504! Malam, asalin fentinta ne?"

"Taya ni... turawa..."

"Yanzu, yanzu. Ɗan matsa kaɗan, kana tare mini lambar." Ya bi mu a gefe yana ɗauka, ya tsuguna ya leƙa salansa, ya miƙe. "Amma ƙaramin inji ce ko? Mai 1796?"

Numfashina da ƙyar yake fita, amma wannan ba maganar da za a bari ta wuce ba ce. Na tsaya na ce masa babban ne, ya je ya dubi kafiretar. Da na saki, motar ta fara dawowa baya, Baba ya yi salati ya ja birkin hannu. Wasu almajirai ne suka taimake ni muka kai ta fili, na sallame su da waina, don canjina ya ƙare a wurin yaron adaidaita.

Saura mai. Ga ɗan bumburutu nan kusa da galan-galan ɗinsa, amma Baba ya ce ba ta shan man bakin titi sai an tace. Ya fito da mazurari da wani farin ƙyalle daga but, ya sa yaron ya riƙa zubawa a hankali yana duba kalar man a rana. Ni na biya, ta waya, tun da zagayen nawa ne. Ya cire murfin kafireta, ya ɗiga mata ɗan mai da murfin jarka, ya koma ya murɗa makulli. Bugu ɗaya ta tashi. Duk da miyar da ke cikin takalmina sai da na ce Allahu akbar, mai babur ma ya ce, ɗan bumburutu ma ya ce.

Mun isa Rijiyar Zaki an idar da la'asar. Tun daga bakin layi na hango surukina a tsaye a ƙofar gida, hannu a baya, fuskar nan ba annuri. Na fito da bokiti, na zube ƙasa ina gaisuwa, ina harhaɗa bayanin da zan yi. Bai amsa ba. Na ɗaga kai, ashe ba ni yake kallo ba. Na manta shaf cewa kafin ya buɗe shagon hatsi, shekara da shekaru ya yi yana jan wagon tsakanin Kano da Jos.

Ya wuce ni ya zagaya ta. Ya danna ta ta baya ya saki, ya ga yadda ta dawo ta tsaya cak. Ya dubi Baba, Baba ya dube shi.

"Alhaji, giya huɗu ce?"

"Huɗu ce. Ba a taɓa sauke giyabos ɗin ba."

"Kai! A kawo darduma! A kawo wa baƙo ruwa!" Sai a lokacin ya tuna da ni. "Kai kuma ina wainar? Kawo wa Alhaji."

Abin da ya tsira daga bincike da almajirai bai kai rabin kula ba, shi ma a ƙofar gida ya ƙare, tsakanin surukina da Baba da dattawan layin da suka taru ana gardamar ko awa nawa wagon ke yi zuwa Jos kafin hanya ta lalace. Surukina har cewa ya yi duk cikin surukansa ni ne mai kawo mutanen kirki. A cikin gida kuwa, na ji daga baya, taliya aka dafa wa mata da gaggawa, kuma dangin mijin mai jego sun yi magana.

Uwargida ta same ni a zaure ina goge takalmi da takarda. Ta dubi shaddar tun daga wuya har ƙasa, ta leƙa waje ta ga taron da ke kewaye da banet a buɗe, ta dawo da idonta kaina. Ba ta ɗaga murya ba.

"Wace iri ce?"

"504," na ce. "Salun. Babban inji."

Ta gyaɗa kai ta koma ciki.

Washegari aka ce in mai da wa mai waina kulolinta. An haɗa ni da ɗanmu na aji huɗu a firamare. Shi aka ba kuɗin mota, shi aka ba wayata, shi aka yi wa bayanin hanya, kuma a gabana uwarsa ta gaya wa mai adaidaitar cewa duk abin da babban ya faɗa kada ya saurara, yaron ne ya ɗauke shi shata.